Kafin Ka Sayi Babbar Kyamara, Zazzage Jakarka

Ɗana, na ji ɗaukar adashenka ta zo, kuma ka ƙudurta sayen Canon 6D Mark II, ka sallami 700D ɗin da ta yi maka hidima tun kana riƙe wa wasu fitila a wurin biki. Allah ya sanya alheri. Ba don in sanyaya maka gwiwa na ɗauki alƙalami ba. Kyamarar da idonka ya faɗa a kai ta ƙwarai ce, kuma mai himma irin taka ya cancanci ƙarin girma a sana'a. Abu ɗaya Bappanka yake roƙo: kafin ka tura wa mai kaya kuɗi, ko a Ikeja yake ko a Banex ta Abuja, ka shimfiɗa tabarma, ka zazzage jakarka, ka jera lens ɗin nan naka guda uku, ka karanta ƙananan haruffan da ke jikin kowanne. Kuɗin da aka yanka maka na gangar kyamara ne kawai. Cikon lissafin yana cikin waɗannan haruffa.

Bari in ɗauko maganar daga tushe, ko da ka san rabinta. A zamanin fim, lokacin da muka koyi sana'ar nan, kowane hoto guda yana cin fili mai milimita 36 a kwance da 24 a tsaye. Wannan awo tun kyamarar Leica ta 1925 yake, can Jamus, kuma a kansa Nikon da Canon da Pentax da Yashica suka yi shekara da shekaru suna ƙera lens. Da dijital ta zo, yin sensa mai wannan girman ya yi tsada ainun, sai kamfanoni suka rage ta. Wadda ke cikin 700D ɗinka milimita 22.3 ce da 14.9, ta Nikon da Sony ta ɗan ɗara, wajen 23.5 da 15.6. Su kuke ce wa kurof. Ful-firem kuwa komawa ce ga tsohon awon fim, kuma Canon 5D ta 2005 ce ta sauko da shi inda hannun mai hoton biki zai kai. In ka buga lissafi, filin sensar 6D ya ninka na taka sau biyu da rabi har da ɗoriya. Daga nan daɗinta ya fito, a nan kuma rigimar lens ta samo asali.

Kowane lens da'irar haske yake jefawa cikin kyamara, sensa kuma ta yanki rabonta mai kusurwa huɗu daga tsakiyar da'irar. Kafin ta rufe ful-firem daga wannan kusurwa zuwa waccan, sai faɗin da'irar ya kai milimita 43. Ƙaramar sensa kuwa, 27 ko 28 sun wadace ta. Ganin haka kamfanoni suka shiga ƙera lens mai ƙaramar da'ira, marar nauyi, mai sauƙin kuɗi, don ƙananan kyamarori kaɗai. Faifan da aka saƙa don ƙwaryar fura ba ya rufe masaki, gefe-gefe a buɗe zai zauna. A hoto, wannan gefen baƙi ƙirin yake fitowa, mutane a tsakiya, duhu ya kewaye su.

To, duba naka. Canon ta fito da bakin da ake kira EF a 1987, kuma daga nan ta fara juya wa tsohon bakinta na FD baya. Masu tarin lens na FD a lokacin sun haɗiyi baƙin ciki ba kaɗan ba. A 2003, tare da kyamarar 300D, ta ƙaro wani reshe, EF-S, na ƙaramar sensa. Ciro lens daga 700D ɗinka ka kalli zoben ƙarfen da ke bakinta: za ka ga alama biyu, jan ɗigo da farin murabba'i. Jan na EF ne, farin na EF-S. Ita taka duka biyun take karɓa, shi ya sa ba ka taɓa damuwa da bambancinsu ba. A bakin 6D da 5D jan ɗigo kaɗai za ka tarar. Lens na EF-S gindinsa ya fi kutsawa cikin kyamara, madubin ful-firem kuma ya fi girma, yana bukatar fili duk lokacin da ya ɗaga. Saboda haka da gangan Canon ta yi shi yadda ba zai ma shiga ba.

Na san akwai samarin da ke ɓamɓare robar gindin lens su tura shi da ƙarfin tsiya, har su ɗauki bidiyo suna murna ya shiga. Kada ka bi sahunsu. Ko ya shiga, da'irarsa ba ta ƙara faɗi ba, kuma a wani tsayin zum madubi yana iya dukan gilashin baya. Ranar da hakan ta faru, kana zaune jiran kayan gyara daga nesa, ga bukukuwan da ka riga ka karɓi kafin alƙalami a kansu.

Yanzu karanta. 18-55 ɗin da ya zo da kyamarar, EF-S ne. 55-250 ɗin da kake alfahari da shi ranar Sallah, EF-S ne. 50mm f/1.8 ne kaɗai EF. Ke nan ranar da 6D ta iso tasha ka kwance kwali, lens ɗaya tak gare ka, wanda ba ya zuƙowa ba ya ja da baya, ga ɗaurin aure ranar Asabar.

Shi ma 50 ɗin, ba wanda ka sani ba ne zai gaishe ka. Lens ɗin bai canza ba, milimita 50 ɗinsa na nan. Ƙaramar sensa ce take ɗiban tsakiya ta bar gefe, sai abin da kake gani ya yi daidai da na 80 a babbar kyamara. Ana ninka lambar da 1.6 a Canon, da 1.5 a Nikon da Sony. Wannan ɗan matsin shi ya sa hotunan amaren da kake ɗauka daga kafaɗa zuwa sama suke fitowa da fasali mai kyau, don kana tsaye nesa kaɗan. A kan 6D, in kana son fuska ta cika hoto kamar da, sai ka matso, kuma matsowa tana ƙara wa hanci girma ta tura kunnuwa baya. Amarya ba za ta san sunan abin da ya faru ba, amma za ta ce wannan hoton bai yi kama da ita ba, kuma ta fi ka gaskiya. Maganinsa 85mm f/1.8 na EF. Sa shi cikin lissafi.

Amma fa akwai inda sabon halin 50 ɗin zai faranta maka rai, kuma a nan ne nake ganin ful-firem ta ci kuɗinta a irin aikinmu. Ka san gidajen Alkalawa da Limawa da Rumde: zaure, ɗan lungu, sai ɗakin da aka cika da gado da kabet da jeren kwanuka, ga ƙawaye goma sha suna son su fito tare da amarya. Bayanka na jikin bango, babu inda za ka ƙara ja. 18 ɗinka a kan 700D daidai yake da kusan 29 a babbar kyamara. Lens na 24-105 f/4 a kan 6D kuwa yana buɗewa har 24 na gaskiya, kuma wannan tazarar da ke kama da ƙanƙanuwa a takarda ita ce mutum biyu na gefe da kake yanke wa kafaɗa. Ga kuma duhu. Babbar sensa ta fi tara haske, don haka a ɗakin da ƙwan fitila ɗaya ke ci, ko wurin kamu bayan magariba, za ka ɗaga ISO ninki biyu na yadda ka saba, tsakuwar nan da ke ɓata fuska ba ta fi ta da ba. Wannan riba ce ta gaske, ba zuƙi-ta-malle ta masu talla ba. Sai dai lens ɗin da zai ba ka ita, ba ya cikin jakarka tukuna.

Inda za ka yi rashi kuwa, nesa ne. Ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Lamiɗo a Yola, dogarai ba sa barin kowa ya tsallaka layi, dawakai kuma ba sa jiran mai hoto. Haka taro a Dandalin Ribadu, haka ranar yaye ɗalibai a Jami'ar Modibbo Adama, inda ake ajiye ku can baya. 250 ɗinka a kan ƙaramar sensa aikin 400 yake yi maka, alhali nauyinsa bai kai rabin kilo ba. Kafin ka sami wannan zuƙowar a kan 6D sai lens irin 100-400 na Canon, farin nan, wanda ya haura kilo ɗaya da rabi, kuɗinsa kuma na iya fin na kyamarar da kake shirin saye. Ka yi tunanin rataya shi a wuya tun hantsi, a zafin Jimeta na watan Afrilu. Wani zai ce maka ka sayi EF 75-300, ai yana shiga kuma ga araha. Yana shiga kam. Amma babu mai riƙe masa girgizar hannu, kuma a ƙarshen zum ɗinsa hoto laushi yake yi. 55-250 ɗinka ya fi shi ido nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado.

Wannan ya kawo ni kan wani abin da ba a cika faɗa wa matasa ba: shiga daban, kyau daban. Ƙaramar sensa tsakiyar gilashi take ci, inda kowane lens ya fi kaifi, ta rufa wa gefe asiri. Babba kuwa har kusurwa take leƙawa. Tsofaffin zum na zamanin fim, irin su 28-80 da 35-80 da ake samu a kayan gwanjo, jan ɗigo gare su kuma za su hau 6D lafiya lau, sai dai mutumin da ya tsaya a ƙarshen layi zai fito kamar an shafa masa hazo. Akwai kuma tarkon lens na wasu kamfanoni. Sigma tana rubuta DC a kan na ƙaramar sensa, DG a kan na babba. Tamron tana rubuta Di II a kan ƙarami, Di kawai a kan babba. Waɗannan, ko da na ƙaramar sensa ne, bakinsu na EF ne, za su shiga 6D su yi ƙas ba musu, mai kaya ya rantse maka ga shi ya hau. Sigma 18-35 f/1.8, wanda masu bidiyo ke so kamar me, DC ne. A kan 6D baƙin gefe zai ba ka, don ita ba ta da dabarar yanke hoto ta koma tsakiya da kanta. Ko a gidan Canon akwai 'yan biyu masu ruɗa ido: ƙananan lens ɗin nan biyu masu faɗi kamar waina a siffa, 24mm da 40mm, f/2.8 dukansu. Na 40 EF ne, na 24 EF-S.

Abokanka za su ce me ya kai ka kyamara mai madubi a wannan zamani, ka tafi marar madubi mana, ai da adafta komai yana hawa. Akwai gaskiya a ciki. Canon ta buɗe bakin RF a 2018 da EOS R, ta biyo da RP a 2019, R6 a 2020. A tsohon baki, tazarar da ke tsakanin gindin lens da sensa milimita 44 ce. A sabo 20. Adaftar ba komai ba ce illa zobe mai kaurin milimita 24 da wayoyin saƙo, babu gilashi a cikinta, don haka ba ta rage wa hoto kyau. Tunda babu madubin da za a daka, har EF-S ɗinka guda biyu za su hau, su yi fokas da kansu. Amma ka ji abin da kyamarar ke yi a asirce: da zarar ta gane ƙaramin lens ne, sai ta kashe gefen sensa ta yi aiki da tsakiya. RP mai megafiksel 26 ta koma kusan 10. R6 mai 20 ta koma ƙasa da 8. 700D ɗin da kake neman sallama 18 take ba ka. Ka ga ke nan ka kwashe adashen shekara ka sayi babbar sensa, kana amfani da ƙasa da rabinta, hotonka kuma ya fi na da ƙanƙanta. Megafiksel 10 ya isa albam da abin turawa a waya, ban musa ba. Ranar da uwar amarya ta ce a wanke mata babba na bangon falo, inci 20 da 30, ranar za ka ji a jikinka. A matsayin gada ta 'yan watanni, dabara ce mai kyau. A matsayin wurin zama, asara ce.

Gargaɗi guda a nan, ka isar wa Addarka mai Canon M50: lens na EF-M, irin na kyamararta, ba ya hawa RF ko da adafta, don tazararsa 18 ce, babu filin da zobe zai shiga.

Hammanka na Doubeli mai Nikon, tasa ta fi sauƙi ta wata fuska. Bakin F na Nikon tun 1959 yake, kuma lens mai tambarin DX yana hawa D610 ko D750 ba tare da faɗa ba. Kyamarar ce ke yankewa, 24 ta koma kusan 10, labarin dai ɗaya. Ya kula da 35mm f/1.8G, don iri biyu ne masu suna kusan ɗaya: na 2009 DX ne, na 2014 mai ED shi ne na babba. Yana da wata garaɓasa kuma: tsofaffin lens masu harafin D, waɗanda ba sa fokas da kansu a kan D3400 ko D5300 saboda babu injin juya su a gangar, a kan D750 farfaɗowa suke yi. In ya tsallaka zuwa Nikon Z da adaftar FTZ kuwa, sai su sake komawa na hannu. Masu Sony su nemi FE a jikin lens. E kawai na ƙaramar sensa ne, A7 III za ta karɓe shi amma ta yanke.

Akwai abin da zai canza a hannunka, ba a jaka ba. Don ka cika hoto da mutum a babbar kyamara, ko ka matso ko ka sa lens mafi tsawo, kuma kowanne yana rage zurfin wurin da ke fitowa tar. Shi ne dushewar bayan hoto da samari ke mutuwa a kai, kuma a hoton ango da amarya su biyu tana da kyau. A hoton dangi mai layi uku kuwa, f/2.8 zai fito da yaran gaba tas ya bar dattawan baya a dushe. Hoton da fuskar kakan ango ba ta fito ba, ba a rataya shi a zaure. Inda ka saba f/4, koma 5.6 ko 8, ka bar ISO ta ɗauki nauyin, tunda don haka ka sayi babbar.

Kada ƙananan kaya su shammace ka. 6D da 5D ba su da filasha a ka, sai ka ɗora ta waje. Batirin 700D, LP-E8, ba ya shiga. 6D LP-E6 take ci, kuma a garin da wuta ba kullum ba, ɗaya ba ya isa. Murfi da filta na 18-55 milimita 58 ne, na 24-105 kuwa 77. In bidiyo ne rabin cinikinka, ka sani 6D Mark II ba ta ɗaukar 4K na sosai, RP kuma in za ta ɗauka, tsakiyar sensa take komawa.

To me zan yi in ni ne kai? Lens zan fara saye, ganga ta biyo baya. Duk lens na EF na Canon mai jan ɗigo yana aiki a kan 700D yau, zai yi a kan 6D gobe, zai yi a kan R da adafta jibi. Tun da kamfanonin suka karkata ga marar madubi, masu hoto a Turai da Amurka suke ta sakin na EF, shi ya sa na hannu masu kyau suke shigowa, duk da yadda canjin Naira ya ɗaga komai tun 2023. Ganga kuwa kowace shekara darajarta sauka take yi. Wadda ka yi haƙurin wata shida a kanta ba za ta gudu ba. Ka fara da 24-105 f/4, ko Tamron 24-70 f/2.8 mai Di in aljihu ya yarda. Ka sani dai a kan 700D, 24 ɗin zai zama kamar 38, ya yi maka matsi a ɗaki, don haka 18-55 ya ci gaba da zama a jaka har babbar ta zo. Daga nan 85. In kuwa zuciyarka ta kafe sai ganga yanzu, to ka sauko mataki ɗaya: 6D ta farko, ta 2012, mai megafiksel 20, har gobe tana fitar da hoton da ba a raina shi, kuma rarar kuɗin ta saya maka zum ɗin da za ka fita aiki da shi.

Lens na hannu kuma ba a sayensa da hoton WhatsApp, in da hali. Gani ya kori ji. In dole sai aike, ka sa wanda ka amince da shi ya ɗora shi a kan ful-firem, ba ƙarama ba, ya ɗauki farin bango a mafi buɗewa da mafi zuƙowa, ya turo maka ka duba kusurwoyi huɗu. Ya haska tocila ta gindinsa: 'yar ƙura ba komai, ko sabo zai sha tasa a hunturun farko. Amma in ya ga zare-zare kamar saƙar gizo a jikin gilashi, fumfuna ce, a bar musu kayansu. Kai ma da damina, da laimar Binuwai da ke shiga ɗakunanmu, kada ka rufe lens cikin jaka a ƙarƙashin gado. Samo roba mai murfi da 'yan ƙullin nan masu shan laima.

Ita kuma 700D, kada ka sayar. Abin da za a ba ka a kanta da lens ɗinta biyu ba zai sayi rabin abin da zai maye gurbinsu ba. Bar 55-250 a bakinta dindindin, ka rataya ta a kafaɗar hagu don nesa, babbar a dama don ɗaki da duhu. Ka huta da cire lens a tsakiyar ƙurar dawaki, kuma in ɗaya ta ƙi tashi ana tsakiyar ɗaurin aure, ka ɗaga ɗayar. Ranar da ka ɗauki yaro mai taya ka, ita za ka miƙa masa.

Ka gaishe mini da Goggonka, ka ce ina nan tafe ranar Juma'a in Allah ya kai mu.